Filin Tambaya da Amsa: Gina Kalmar Turanci Daga Hargitsattsun Haruffa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malama ce a wata makarantar firamare a Argungu. A littafin 'yan aji biyar akwai darasin da ake hargitsa haruffa, a ce yaro ya jera su su ba da kalmar Turanci. Ɗalibaina suna iya masu haruffa uku, amma da zarar sun kai biyar sai su tsaya cik. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Ba rashin ƙoƙari ne ke damun yaran nan ba, sabo da tsarin Hausa ne yake riƙe su. Gaɓar Hausa da baƙi take farawa wasali ya biyo, kuma galibin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa da muka ari "bread" muka mayar da ita burodi. Yaron da kunnensa ya tashi a kan wannan tsari, idan kika rubuta masa H, G, I, N, T a allo, zai yi ta neman wasulan da zai raba baƙaƙen nan huɗu da su, alhali wasali ɗaya tak aka ba shi. Canki-canki kuma ba zai fisshe shi ba, domin haruffa biyar mabambanta ana iya jera su ta hanyoyi 120, bakwai kuwa ta hanyoyi 5,040.

Shawarata ita ce ki sa su tara murafen kwalaben lemo, a rubuta harafi ɗaya a cikin kowane murfi, saboda abin da hannu yake juyawa ya fi saurin zama a ka. Su fara ware wasula gefe guda, sannan su nemi baƙaƙen da suka saba tafiya tare a Turanci, irin su "th", "ch", "st", "ng" da "ght". Wanda ya haɗa T da H, ya haɗa N da G, zai ga "thing", wato abu, wanda kuma ya tara G, H, T a ƙarshe zai samu "night", wato dare. A dogayen kalmomi su riƙa cire ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ke ƙarshen kalma, irin "ing", ko ɗafa-goshi, wato ƙarin da ke farkon kalma, irin "un" tukuna: daga G, D, A, E, N, I, R, idan aka janye "ing" saura huɗu kawai, kuma "reading" ba za ta yi wuyar fitowa ba.

Sai dai kada ki ba yaro maki sai ya faɗi ma'anar abin da ya gina, ya kuma sa shi cikin jimla, domin S, T, O, P kaɗai suna ba da "stop", tsaya, da "pots", tukwane, da "spot", tabo, kuma banza ne ya jero su bai san bambancinsu ba.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin sakandare ne daga Ƙauran Namoda. Akwai manhajar waya da take warware haruffan nan take. Laifi ne in yi amfani da ita?

Amsa: Ɗana, ka yi naka ƙoƙarin tukuna, sannan ka duba abin da ya kuɓuce maka. Ka sani cewa irin waɗannan manhajoji sukan dogara da jerin kalmomin Scrabble, wato wasan jera haruffa a gina kalmomi don samun maki, inda ake karɓar kalmomi kamar "qi" da "za" waɗanda ba za su amfane ka a insha'in WAEC ko NECO ba, don haka kowace baƙuwar kalma ka nemi ma'anarta a ƙamus. Wasan kansa ina ƙarfafa maka gwiwa a kansa: haruffa bakwai ake riƙewa, wanda ya zuba su duka a lokaci guda yana samun ƙarin maki 50. Ɗan Najeriya ne, Wellington Jighere, ya lashe gasarsa ta duniya a birnin Perth na Ostareliya a shekarar 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, kuma a teburin gasa ba a barin kowa ya duba waya.