Likita ta ce in yi hira da muryar da ke zagina

Anti barka da aiki. Wata huɗu ke nan ina zuwa wurin likitar halayyar ɗan Adam kuma wallahi na fara gajiya. Abin da ya kai ni wata murya ce a kaina da ba ta barina in huta, in na yi magana a ofis ta ce na kunyata kaina, in na yi shiru ta ce ni sakarya ce, da daddare ta kwaso komai ta zube min. Ni so nake a raba ni da ita, shi ke nan. Amma likitar sai ta ce in rufe ido in tambaye ta wai me take tsoron zai faru in ta yi shiru. Haba Anti, mai zagina zan zauna ina lallashi? Wai akwai ɓangarori a cikina. Kuɗi nake biya fa. Maganar ma irin ta yayarmu ce sak, amma ba wannan ne damuwata ba. Ni dai a raba ni da ita. In canza likita ne?

Ƙanwata, ban ga laifinki ba, wata huɗu ba kwana huɗu ba ne. Amma kin yar da asalin zancen kin wuce: muryar yayarku ce. Shekararki nawa lokacin da kika fara jin ta?

Hanyar da likitarki ke bi, wani masanin halayyar ɗan Adam, Richard Schwartz, ne ya fito da ita a Amurka a shekarun 1980, yana aiki da masu cin abinci ba ƙaƙƙautawa su amayar. Ya lura in aka yi faɗa da irin wannan murya ƙara ƙarfi take yi. A tsarinsa ɓangarorin da ke cikin mutum iri uku ne: akwai masu gadi, akwai masu kashe gobara da ke jefa mutum cikin ci ko shaye-shaye in ciwon ya taso, sai waɗanda aka kulle a ciki da tsohon ciwo. Taki mai gadi ce, riga kowa take yi ta zage ki don kar wani ya sake yi miki.

Ku kuma masu riƙon ƙanne, ku ji tsoron Allah, tsawar da kuke yi wa yaro sai ta yi shekara ashirin tana amsa-kuwwa a kansa.

Kar ki canza likita. Na san ba ki faɗa mata zancen yayarku ba, to da shi za ki fara in kin koma.