Tambaya da Amsa: In Sayi Injin CNC Yanzu Ko In Ƙara Jira?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai walda ne a Sabon Garin Zariya, shekarata goma sha ɗaya a sana'ar. Ban da ƙofofi da tagogi, ina gyaran injinan niƙa da na casar masara. Duk sanda aiki ya buƙaci a sassaƙa ƙarfe daidai da awo, sai na kai Kaduna, wani lokaci har Kano, in biya kuɗin mota, in jira kwana uku ko huɗu. Na tara 'yan kuɗi, ga kuma adashi zan kwasa ƙarshen wata mai zuwa. Ina son sayen ƙaramin injin CNC, irin wanda kwamfuta ke sarrafawa yana sassaƙa ƙarfe. Abokina ya ce in saya yanzu kafin dala ta ƙara tashi, yayana kuma ya ce in jira ta sauko. Ban taɓa aiki da irin injin ba, a waya kawai nake kallo. Yaushe ya dace in saya?

Mai walda, Sabon Gari, Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa sana'a albarka. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai ba maganar dala ba ce, layin nan ne na kusa da ƙarshe, inda ka ce ba ka taɓa aiki da injin ba. Saboda wannan layin, amsata ita ce: kada ka saya wata mai zuwa. Ba cewa na yi ka fasa ba.

Injin CNC bai san komai ba sai abin da ka faɗa masa. Kafin bakinsa ya taɓa ƙarfe, sai ka zana abin a kwamfuta da awonsa na milimita, sannan ka tsara hanyar da bakin zai bi, da zurfin da zai ci a kowane zagaye, da saurin tafiyarsa. Daga nan manhaja ta mayar da wannan tsari zuwa jerin umarni da ake kira G-code, shi ne harshen da injin ke ji. Duk wannan ana koyonsa a kan laftof, babu inji a gabanka. FreeCAD kyauta ce. Fusion 360 ta kamfanin Autodesk tana da sigar kyauta ga mai koyo don kansa, amma ranar da ka fara neman kuɗi da ita sosai, lasisi ake biya. Ka ɗauki abu uku cikin waɗanda ka taɓa kaiwa Kaduna, ka auna su, ka zana su, ka fitar da umarninsu, ka kalli yadda manhajar ke nuna yankan a allo. Ranar da ka iya wannan ba tare da wani ya riƙe maka hannu ba, ka ci rabin hanya.

Ni na yi akasin haka, shi ya sa nake nanata maka. Injina na farko ya iso shagona ban gama koyon zane ba, ban kuma gyara wayoyin wuta ba. Wata bakwai yana cikin akwakunsa na katako. Garantin shekara ɗaya kuwa tun ranar saye yake ƙirgawa, ba ranar da ka kunna ba. Da na fara aiki, allon lantarkin da ke tuƙa ɗaya daga cikin motocin lantarki masu motsa injin ya ƙone, kafin mu gama musayar saƙo da wanda ya sayar mini wa'adin ya cika. Da kuɗina na sayi wani. Har yau in na tuna watannin nan bakwai sai in ji ba daɗi, domin kuɗin da ya kamata yana juyawa a shago ne ya kwanta a lungu.

Sai batun irin aikin da kake yi, kuma nan nake so ka natsu. Ka ce injinan niƙa da na casa kake gyarawa. Yawancin abin da ke lalacewa a cikinsu masu zagaye ne: sandar da ke juyawa, da mazaunin boris, da fuli. Waɗannan ba aikin injin sassaƙa ba ne, aikin injin feraya ne, wanda yake juya ƙarfen shi kansa baki na fere shi. Injin da kake so kuwa ƙarfen ake damƙewa a kan tebur, baki ne ke juyawa, don haka ya fi dacewa da fuskar da ake so ta miƙe, da ramuka, da huji a wurin da aka auna, da rubutu. Saboda haka ka sayi littafi na musamman. Wata uku, duk aikin da ka kai Kaduna ko ka mayar da mai shi don ba ka da inji, ka rubuta: mene ne, wane irin ƙarfe, zagayayye ne ko shimfiɗaɗɗe, nawa ka biya, nawa kuɗin mota. Idan littafin ya nuna maka takwas cikin goma masu zagaye ne, to injin feraya na hannu ya kamata ka fara saya, ko da na gwanjo ne mai lafiya.

Ka kuma kula da abin da kake gani a waya. Akwai ƙaramin nan da ake kira 3018, sunansa daga faɗin aikinsa ne, santimita 30 da 18. Yana da araha, yana da kyau wajen koyo a kan katako da roba, amma ba zai yanka maka baƙin ƙarfe ba. Akwai 6040, wanda galibi kansa ke gudu har zagaye 24,000 a minti ɗaya. Wannan gudun na katako ne da roba da alminiyam da tagulla. Baƙin ƙarfe yana son inji mai nauyi, mai jikin zubi, wanda ba ya rawa, kansa kuma yana iya juyawa a hankali da ƙarfi. Ko ƙaramin irinsa zai kai kilo 200 ko ya wuce. Mutane da dama sun sayi mai sauƙin kuɗin suna tsammanin zai yi aikin mai nauyin, suka ƙare da karyayyun bakuna.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka wurin zaman injin ya rigayi injin. Shagon walda shi ne wuri mafi muni gare shi. Garin ƙarfen da giranda ke watsawa yana shiga hanyoyin da teburin ke zamewa a kai ya cinye su, ga ƙurar hunturu da ka san yadda take yi mana a Zariya daga Disamba zuwa Fabrairu. Tartsatsin walda kuma yana rikita siginar da ke tsakanin kwamfuta da inji. Yana buƙatar ɗakinsa mai ƙofa, da daɓen siminti mai kauri, da layin wuta daban da na na'urar walda, da wayar ƙasa ta gaskiya. Idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar yanka, ƙaramin inji yakan manta inda yake, aikin awa biyu ya lalace. Kenan sai ka tanadi janareta mai tsayayyen ƙarfi ko inbata da batir da za su ɗauke shi. Wutarmu bolt 230 ce, ƙananan injinan Amurka da yawa kuwa don 110 zuwa 120 aka yi su, ka tambaya kafin ka biya. Ka kuma sa kuɗin wuta a lissafi: a Afrilun 2024 an ɗaga farashin masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awanni masu yawa, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit.

Yanzu ga dala. A Yunin 2023, da Babban Banki ya saki farashin canji, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, a Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Tsoron abokinka yana da tushe. Amma shi da yayanka duk hasashe suke yi, kuma ban yarda mutum ya ɗora jarinsa a kan hasashe ba. Idan kana tsoron kuɗin adashin su narke a hannunka, ka zuba wani ɓangare a abubuwan da dole sai ka saye su ko yaushe injin ya zo: laftof mai ƙarfi, ma'aunin kalifa mai kyau na auna kaurin ƙarfe, sitabilaiza, gyaran ɗakin. Ba su da garantin da zai ƙone a banza. Kuma ranar sayen injin, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don bakunan yanka, da abin damƙe ƙarfe, da man sanyaya baki, da ƙarfen gwaji da za ka ɓata. Za ka karya bakuna a farko, kowa ya karya.

In lokacin oda ya yi kuma daga Sin za ka kawo, sabuwar shekararsu tana faɗuwa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, masana'antu na rufewa na makonni, sannan suna da hutu a makon farko na Oktoba. Jirgin ruwa zuwa tashar Apapa ko ta Tin Can a Legas ya fi wata guda, ga kwastam da harajin VAT na kashi 7.5, ga motar da za ta hauro da shi Zariya. Ka ƙiyasta wata uku. Ka tsara kada ya iso da kaka, lokacin da manoman Giwa da Soba da Maƙarfi suka cika maka shago da injinan casa ba ka da sararin koyo.

Kafin nan ka zaga ka nemo masu ba ka aiki. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli duk shekara suna neman inda za a yanka musu sassan aikinsu na ƙarshe. Dukawa da masu takalma suna buƙatar hatimin tagulla na buga suna a fata, ga cibiyar binciken fata nan a Samaru. Masu sabulu suna neman mazubi. Ka tambaye su ina suke kaiwa yanzu, nawa suke biya, ka rubuta a littafin nan. Bayan wata uku ka aiko mini da shafukan da zanenka uku ta ofishin mujalla, mu duba tare wane inji ne ya dace da kai.