Amsa ga ƙanena na Damagaram kan gwajin son zuciya na ɓoye

Salamu alaikum ƙanena. Ina gajiya, ya mutan gida, ya su Inna? Saƙonka ya same ni nan Monreyal, a ƙasar Kanada. Ka ce ka kusa gama lisans a Jami'ar André Salifou, kana son fitowa waje ka yi masta a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma abin da ya ja hankalinka shi ne gwajin nan na kwamfuta da ake cewa yana tono ƙyamar da mutum bai san yana ɗauke da ita ba. Ka kuma tambaya ko za ka iya gina bincikenka a kansa.

Sunansa IAT, gajeren Implicit Association Test da Ingilishi, wato gwajin alaƙar da mutum ke ƙullawa a ransa bai sani ba. Anthony Greenwald na Jami'ar Washington da abokan aikinsa biyu suka fito da shi a 1998, sannan shi da Mahzarin Banaji da Brian Nosek suka sa shi a intanet, miliyoyin mutane suka yi. Yadda yake aiki ba wuya. Fuskokin baƙaƙe da na farare da kalmomi masu daɗi da marasa daɗi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kai kuwa kana rarraba su da maɓalli biyu, da sauri. A wani zagaye farar fuska da kalma mai daɗi suna maɓalli guda, a wani kuma a juya. Kwamfuta ba ta tambayar ra'ayinka, jinkirin yatsanka take aunawa, abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba. In hannunka ya fi sauri sa'ad da aka haɗa baƙi da mummuna, sai a ce can cikin kanka abubuwan biyu sun fi kusa da juna.

Dabara ce mai kyau, ba na musu. Amma kada ka ɗauke shi ma'aunin gaskiya. Mutum guda zai yi shi yau, ya sake bayan mako biyu, sakamako ya bambanta sosai. Da mai awon hatsi a Kasuwar Dole tiyarsa na canzawa haka, da tuni an kai shi gaban sarkin kasuwa. A 2013 Frederick Oswald da wasu suka tattara binciken da aka yi, suka ga makin gwajin bai faɗin abin kirki game da yadda mutum zai yi wa wani a zahiri. A 2019 Patrick Forscher da abokansa suka duba bincike kusan 500, suka tarar ana iya ɗan motsa makin, amma hakan bai nufin hali ya canza. Su kansu masu gwajin sun yarda bai dace a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi ba. Amfaninsa yana wajen kwatanta jama'a masu yawa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne binciken da ke duba abin da mutane suka aikata. A Amurka, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Shikago, iri ɗaya sai suna. Masu sunan farare sun fi samun kira da kashi 50 cikin 100. Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne na Faransa a 2010, na Claire Adida da David Laitin da Marie-Anne Valfort. Mata biyu na ƙirƙira, dukansu Diouf, ƴan asalin Senegal, ilimi ɗaya: ɗaya Marie, ɗaya Khadija. Marie ta samu kira fiye da ninki biyu na Khadija. Nan ba sai an leƙa zuciyar kowa ba. Kai mai suna irin namu, gara ka san wannan tun kana gida.

To, ga inda nake so ka tsaya. A 2008 Jeffrey Arnett ya lissafa waɗanda ake yin bincike a kansu a manyan mujallun fannin, ya ga kashi 96 cikin 100 daga ƙasashen Yamma suke, masu kashi 12 kacal na mutanen duniya. IAT yana son wanda ya saba da kwamfuta, mai karatu da sauri. Kai shi unguwar Zango ko Garin Malam ka gani: abin da za ka auna shi ne wa ya yi lakwal, wa bai yi ba. Kuma baƙi da fari ba shi ne rabonmu ba. Mu namu shi ne fuskar uba in aka ce ɗan mahauta ko ɗan maƙera ke neman ƴarsa, da shirun mai ɗaukar aiki in yaro ya ce daga unguwar Kara-Kara yake. Kowa zai ce maka duk ɗaya muke a wurin Allah, kuma da gaske yake faɗi.

Akwai hanyar da ta fi dacewa da mu, a garin nan aka ƙirƙiro ta. A 1960 Wallace Lambert na Jami'ar McGill ya ɗauki muryar masu harshe biyu suna karanta abu ɗaya da Ingilishi da Faransanci, ya sa ɗalibai su kimanta masu maganar, ba su san mutum guda suka ji sau biyu ba. Muryar Ingilishi ta fi samun yabo, har a bakin masu Faransancin kansu. Waya da ɗan lasifika sun ishe ka. Mutum ɗaya ya yi magana da Hausar birni, ya sake da ta ƙauye, ya sake da Faransanci, ka tambayi masu sauraro wa za su ba amanar shago.

Fitowa kuwa, ban hana ka ba. Sai dai ka sani ofishin jakadancin Faransa a Yamai rufe yake tun farkon 2024, nan lardin Kebek kuma sai ka samu takardar amincewar gwamnatin lardin, da ake kira CAQ, kafin izinin karatu, ga kuɗin makaranta mai nauyi ga baƙo. Malaman nan sun fi kula wanda ya zo da tambayarsa da ɗan abin da ya riga ya tattara. Ka dage da lissafin ƙididdiga, ka koyi manhajar R, kyauta ce, ka gyara Ingilishinka domin yawancin rubuce-rubucen da shi suke. Rubuta min shafi biyu kan gwajin muryar, ka turo kafin ƙarshen wata in duba. A gaida Inna da Baba.