Maigidana ya dawo daga hannun masu garkuwa, amma ya kasa haɗa ido da kowa

Tambaya: Likita, barka da aiki. Wata takwas ke nan da masu garkuwa suka sako maigidana bayan mun sayar da gona. Tare da ɗanmu na fari aka kama su, a gaban yaron suka yi masa duka har ya durƙusa yana kuka yana roƙonsu. Tun da ya dawo ya ƙaurace wa majalisa, ba ya cin abinci da yaron, da dare yakan zabura jiƙe da gumi. 'Yan uwa sun ce a rufa masa asiri, kada a sake tayar da zancen. Yanzu ƙwayar barci yake saye a kemis. Ina tsoron in yi magana in ƙara tozarta shi. Daga wata baiwar Allah a Gombe.

Amsa: Malama, Allah ya ba shi lafiya. Alamun sun wuce wata guda kuma sun hana shi harkokinsa, don haka sun yi kama da ciwon firgicin bayan masifa, wato PTSD, sai dai likitan da ya gan shi ne zai tabbatar. Zaburar dare aikin tsoro ce. Ƙaurace wa majalisa da guje wa ɗansa kuwa aikin kunya ne. Mai tsoro hanyar da aka tare shi yake gudu, mai kunya idon jama'a yake gudu. Mai ganin laifinsa yakan ce "da ban bi hanyar nan ba", wannan yana da sauƙin gyara. Mai kunya irin maigidanki kuwa hukunci ya yanke wa kansa: "ni ba namiji ba ne, ban cancanci zama uba ba." Tun 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya sa irin wannan kunyar cikin alamun ciwon, kuma an san tana tafiya da tsananinsa da tunanin kashe kai.

Abin da yake jin kunyarsa ba zaɓinsa ba ne. A gaban bindiga, sashen ƙwaƙwalwa mai lura da haɗari yana riga tunani aiki: ko gudu, ko faɗa, ko sandarewa, ko miƙa wuya. In babu halin biyun farko, jiki ya ɗauki na ƙarshe. Soja ma haka jikinsa yake.

Yanzu ga shawarar 'yan uwa, wadda kullum muke fama da ita. "A bar zancen, zai manta." Ba zai manta ba. Mutumin da ya riga ya ɗauki kansa abin ƙyama, idan ya shigo aka yi tsit aka sauya hira, abin da yake karantawa shi ne: ashe abin ya kai munin da ba a iya faɗa. Duk ranar da ya ƙi fita sai ya ji sauƙi na ɗan lokaci, wannan sauƙin ne ke koya wa ƙwaƙwalwarsa cewa ɓuya ce mafita, gobe ya ƙara ɓuya. Hukuncin da ya yanke kuma ba wanda ya taɓa ƙalubalantarsa, tunda ba wanda ya ji shi. Wata takwas yana zaton ɗansa ya raina shi, bai taɓa tambaya ba. Mai yiwuwa yaron shi ma yana can yana zargin kansa, don haka shi ma a kai shi a duba. Wannan shirun ne ke cutar 'yan matan da aka yi wa fyaɗe: ana ta shawarar yadda za a ɓoye har awa 72 na fara maganin kariyar ƙanjamau su wuce, awa 120 na hana ɗaukar ciki su wuce, sannan a kawo yarinyar bayan shekara ta daina magana. Rufin asiri daga bakin gari hakkinsa ne. Amma likita da matarsa ba bakin gari ba ne. Ban ce a tara dangi a tsare shi sai ya ba da labari ba. Tilasta mutum ya amayar da abin a zama guda yana iya ƙara ciwon.

Ki zaɓi lokacin da kuke ku biyu. Kada ki tambayi abin da ya faru, kada ki ce "ka godewa Allah ka dawo da rai", ya ji wannan har ya gaji. Ki ce kin lura ba ya barci, kuma darajarsa a idonki ba ta ragu ba. In bai amsa ba, ki ƙyale, ki sake bayan kwanaki. Ta ƙofar barcin za ki ja shi asibiti, ya fi sauƙin karɓa. Ku nemi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ku tambayi maganin tattaunawa mai fuskantar abin da ya faru, yawanci zama 8 zuwa 12, mako-mako. A nan ake zare hukuncin nan ana auna shi da hujja. In an haɗa da ƙwaya irin satralin, takan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinta.

Ku tafi da kwalin ƙwayar kemis. In Valium ce ko danginta, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta yi gargaɗi a kan ba da su bayan masifa: suna kama jiki, ba sa taɓa ciwon. Amma in ya jima yana sha kullum kada ya yanke rana ɗaya, yana iya jawo jijjiga. Likita ne zai rage a hankali. Masu cewa aljani ya shafe shi a daji, su ɗaure shi su yi ta bulala da hayaƙi, su ji tsoron Allah. Abin da 'yan bindiga suka yi masa suke maimaitawa, har da karɓar kuɗi. Addu'a da karatun Alƙur'ani kuwa a ci gaba, ba sa karo da asibiti.

In kin ji yana cewa gara babu shi, ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin. Ki kawar da fiya-fiya da maganin feshi daga gidan, a kai shi asibiti a ranar.

Ku kuma 'yan majalisa masu cewa "da ni ne", Ammar bin Yasir an azabtar da shi har ya furta abin da Ƙuraishawa ke so, ya zo wa Manzon Allah (SAW) yana kuka. Zuciyarsa aka tambaya, ba a goranta masa ba, kuma malaman tafsiri sun ce a kansa aya ta 106 ta Suratun Nahli ta sauka. Biyu daga cikinku su je gidan maigidan nan ranar Juma'a, su nemi shawararsa a kan wata harka kamar yadda aka saba, su ce a tafi masallaci tare. In ya ƙi, su koma mako mai zuwa.