Amsa: Matar sojan da ya rasu, yaushe za ta sake so?

'Yar'uwa, kin ce a labarinki Kyaftin ya rasu a fagen daga a Borno, kina tambaya ko ya dace abokinsa ya fito neman matar a babi na gaba. Ni dai na ce ki dakata.

Takaba wata 4 da kwana 10 ce, in kuma da juna biyu sai ta haihu. Cikin kwanakin nan ba a fito da maganar aure fili, to nan ne ma zuciyar labarin take. Ki nuna mana ranar da aka kawo jakarsa da kakinsa, da yadda take zabura in waya ta yi ƙara, da ranar da za ta kwashe kaya ta bar gidan bariki. Wannan na ƙarshen marubutanmu kan tsallake shi, alhali ya fi komai ciwo.

Ki kula da shekara: daga 2015 zuwa 2021 Lafiya Dole ake kiran aikin sojojin da ke yaƙi a Borno, daga baya aka koma Haɗin Kai.

Abokin kuwa, don Allah kada ki sa ya fi mamacin komai. Ki bar shi da nauyin amana, yana jin kunyar uwar marigayin, har ya kasa haɗa ido da ita ranar gaisuwa.