Kawu, uwargida ta ce wani tsoho mara riga ya hana ni cin tuwo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Dan Allah ina da wata damuwa wacce ko a majalisa ba na iya faɗa don dariya za su yi min. Ni tela ne a Garwa, shekarata 54, 'ya'ya shida da jika ɗaya. Tun ina lise, wato sakandare, wani malaminmu ɗan Faransa da zai koma gida ya bar min kaset uku, na The Clash da na Ramones da na Iggy Pop, irin kiɗan nan da ake ce wa pank, toh wallahi tun daga ranar kunnena bai ƙara komawa daidai ba, na yi ta ji har zaren kaset ya tsinke na liƙe shi da jan farcen ƙanwata na ci gaba. Yanzu ga waya, in na rufe shago sai in sa data ta sefa 500 in zauna ina kallonsu a YouTube. Shekaranjiya uwargida ta leƙo ta ga Iggy Pop, tsoho tukuf ba riga fata duk ta yamutse yana ta birgima a gaban jama'a, ta ce "Malam wannan mahaukacin ne ya hana ka cin tuwo?" yara suka fashe da dariya. Abin da ban gaya mata ba, ni in na ga yadda suka tsufa sai in ji hawaye ya zo min. Kawu lafiyata ƙalau kuwa? Ko in goge su in huta?
Daga wani tela, Garwa

AMSA: Wa alaikumus salam Malam tela. Kafin komai bari in tsaya wa uwargida, don nima da wasiƙarka ta zo na sa yaron ofis ya nemo min mutumin naka a waya, kuma gaskiya ko ni na leƙo na ga mijin 'yata yana kallon wannan sai na tambaya ko lafiya. An haifi Iggy Pop a 1947 a Amurka, ya haura 75 ke nan, kuma rigar nan tun zamanin ƙungiyarsa The Stooges a ƙarshen shekarun 1960 ya cire ta har yau bai mayar ba.

Amma lafiyarka ƙalau. Hawayen nan ni dai a ganina rabinsa na yaron nan ne ɗan lise mai liƙe kaset da jan farce, shi ma ai ya yi furfura yanzu yana sa tabarau kafin ya zura zare a allura. Tare kuka tsufa da su. Ka tambayi duk wanda ya tashi da Shata, ya rasu tun 1999 amma har gobe in aka sa shi a tasha za ka ga dattijo ya yi shiru ya ƙura wa ƙasa ido, ba wanda ya taɓa cewa a kai shi asibiti.

Kuma ka san da yawa cikin mutanen naka ba su ma samu tsufan ba. Ramones su huɗu ne suka fara a Niyok a 1974, duk huɗun sun tafi, Joey a 2001, Dee Dee a 2002, Johnny a 2004, Tommy a 2014. Dee Dee ƙwaya ce ta kashe shi, kamar yadda ta kashe Sid Vicious na ƙungiyar pank ta Sex Pistols a 1979 yana ɗan shekara 21 kacal, ko gemun kirki bai gama ba. Joe Strummer na The Clash ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a Disambar 2002 yana da 50, wato ka ma girme shi yanzu. Shi kansa Iggy ɗin ƙwaya ta kusa gamawa da shi a shekarun 1970 har sai da ya kwanta asibitin masu taɓin hankali, daga baya abokinsa David Bowie ya ja shi suka koma Balin a Jamus. Wannan ɓangaren kam in yaranka maza sun fara leƙen wayar, ka zaunar da su ka faɗa musu shi ɓaro-ɓaro, kai ma kana gani da idonka abin da tramol ke yi wa samarin da ke tuƙa babur a garin nan.

Ni wanda ya ba ni mamaki John Lydon ne na Sex Pistols, yaron da a 1977 ya zagi sarautar Ingila a waƙa har BBC ta hana sa ta, bakinsa ba linzami. Toh wannan mara kunyar, da matarsa Nora ta kamu da ciwon mantuwa na tsufa shi ya zauna yana jinyarta shekara da shekaru har ta rasu a 2023, sun fi shekara 40 tare. Wannan labarin shi za ka ba uwargida, ba bidiyon birgima ba.

Sai mawaƙiyar pank Patti Smith, ita 1946 aka haife ta. A Disambar 2016 aka gayyace ta ta rera waƙa a bikin kyautar Nobel a Suwidin, ga sarki ga sarauniya a zaune, tana tsakiyar waƙa baitin ya ɓace mata ɗif, ta tsaya ta ba da haƙuri ta ce tsoro ne ya kama ta, jama'a suka tafa mata ta koma ta ƙarasa. Da na gani sai ta tuna min da marigayiya Barmani Choge, tsohuwa da ƙwaryarta tana faɗin abin da maza ke jin kunyar faɗa.

Don haka kar ka goge komai. Ka dai sayi abin sa wa a kunne, ka ci tuwonka da zafinsa kafin ka kunna data, in an kira sallah ka ajiye wayar. Kuma dan Allah in kaset ɗin nan mai jan farce yana nan, ka ɗauko hotonsa ka turo mana mu sa a fitowa ta gaba.