Amsa ga ɗan ƙanena a kan fita bishara da al'adar da muka gada

Ɗana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatu yana tafiya daidai a can Yamai. Saƙonka ya same ni nan Tawa lafiya. Ka ce ku matasan majami'arku kun gaji da zaman muhawara a kan Littafi Mai Tsarki, a ɗakunan kwanan ɗalibai da cikin WhatsApp, kuna so ku tashi ku fita bishara, amma da kuka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya sai suka ce ku fara da duba marasa lafiya da zuwa gaisuwar mutuwa a unguwa, kuma kada ku shiga wani ƙauye sai kun bi ta wurin mai gari. Kana tambaya ko wannan al'ada tana da tushe, ko kuwa tsoro ne kawai ake kira hikima.

Gajiyar da kuka yi da yawan magana abu ne mai kyau, kuma ba zan rage muku zafinta ba. Yaƙub, a sura ta 2 ta wasiƙarsa da ke cikin Littafi Mai Tsarki, ya kawo misalin wanda ya ga ɗan'uwansa ba tufa ba abinci, ya sallame shi da fatan alheri bai ba shi komai ba, sannan ya yanke hukunci cewa irin wannan bangaskiya matacciya ce. Inda na saɓa da kai shi ne zaton da kake yi cewa dattawa sun tare muku hanya, alhali kuwa ƙofar da su kansu suka shiga ta cikinta suka nuna muku.

Ka duba yadda bishara ta zauna a ƙasar nan. Mishan ɗin SIM, wato ƙungiyar masu bishara ta Sudan Interior Mission, ta fara aiki a Damagaram a 1924, daga baya ta kafa a Tsibiri kusa da Maraɗi. Ƴan Katolika kuma suka buɗe tasu a Yamai a 1931, cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. To, wa'azi an yi shi tun farko, amma abin da talakan Adar ya fara sani game da masu bin Almasihu shi ne asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950, kamar yadda mutanen Katsinar Maraɗi suka san su ta wurin asibitin kutare na Danja, a zamanin da dangin kuturu ma ba sa yarda su ci abinci a ƙwarya ɗaya da shi. Har yau idan ka je Galmi da sassafe za ka tarar da ƴan jinya sun kwana a tabarmi, mata suna hura wuta suna dama kunu, Buzaye da Fulani da mutanen Najeriya kowa da nasa mara lafiyar, kuma ba a tambayar addinin mutum kafin a duba shi. Da yawa daga cikin waɗanda suka fara ba da gaskiya a yankin nan ba a kasuwa suka ji Linjila ba, a bakin wanda ya wanke musu gyambo suka ji ta. Haka kuma aikin barin tohon itatuwa a gonaki, wanda Tony Rinaudo, ma'aikacin SIM, ya fara tare da manoman Maraɗi a 1983, ya maido da itatuwa a gonakin Musulmi da na Kirista ba bambanci.

Dalilin wannan tsari ba boyayye ba ne. A ƙasar Hausa ba a raba magana da mai ita. Kafin a auna abin da ka faɗa, an riga an auna ko kana gaisuwa, ko kana biyan bashi, ko an ga ƙafarka a gidan makoki. Shi ya sa ake cewa zumunci a ƙafa yake. Ƙidayar 2012 ta nuna cewa Kiristan Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, saboda haka mutane da dama a unguwarku ba za su taɓa buɗe Linjila ba, halinka da na abokanka ne za su yi wa hukunci. Saurayin da ya wuce zaman makoki a ƙofar maƙwabcinsa bai tsaya ba, sannan ya dawo da yamma ɗauke da takardun wa'azi, ya riga ya rufe wa kansa kunnuwan gidan gaba ɗaya. Wanda kuwa ya zo ya kama kafa rumfa, ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗebo ruwa, ya zauna shiru tare da mutane har ranar uku, ba wanda zai yi mamaki idan wata rana mai gidan ya kira shi gefe yana tambayarsa abin da ya gaskata game da mutuwa.

Batun mai gari kuma, ga yadda magabatanmu masu bishara suke yi, waɗanda suka fito daga makarantun Littafi Mai Tsarki irin ta Agiye. Ba sa tafiya su kaɗai, biyu-biyu suke fita, yadda Ubangiji ya aiki almajiransa a Luka sura 10, inda ya umarce su su fara da sallama, su zauna a gidan da ya karɓe su, su ci abin da aka sa a gabansu. Idan sun isa, zauren mai gari suke fara nufa, su tuɓe takalmi, su durƙusa su yi gaisuwa, su sha ruwan da aka kawo, sannan su faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su, ba tare da ɓoye komai ba. Bayan nan sai su nemi limamin garin su gaishe shi. Mai gari ne yake ba su masauki, daga ranar kuwa sun zama baƙinsa, wanda ya taɓa su ya taɓa shi. Idan damina ce sukan ari hauya su shiga gayya, su yi noma har hannu ya yi kanta. Baƙon gari makaho ne ko da yana da ido: bai san wace rijiya ake rigima a kanta ba, bai san gidajen da ba sa ga maciji da juna ba, mai masaukinsa ne yake hana shi taka inda ba a takawa. Idan kuma mai gari ya ce a'a, sai su yi godiya su wuce, domin garin da aka bari da mutunci ana iya komawa cikinsa.

Akwai abu ɗaya da nake so ka riƙe da ƙarfi, domin a nan ne masu zafin hidima suka fi tuntuɓe. Kada ka taɓa ɗaura taimako a jikin tuba. A yunwar 1984 da ta 2005 ikkilisiyoyi sun raba hatsi, kuma inda aka yi rabon tsakani da Allah, tiya ɗaya ga kowa, sunan ikkilisiya ya tsaya da kyau har yanzu. Amma duk inda aka sa mabukaci ya fahimci cewa sai ya zauna ya ji wa'azi kafin a auna masa gero, to an ba masu cewa muna sayen mutane hujja, an kuma tara masu bi waɗanda suke watsewa ranar da buhu ya ƙare. Idan kun je asibiti, ku kai abin da kuka iya, ku tambayi mara lafiya ko yana so a yi masa addu'a. In ya ƙi, ku bar masa lemun da sabulun, ku koma mako mai zuwa.

Duk da haka ba zan ce zarginka ba shi da kan gado ba sam. Bayan abin da ya faru a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai har mutum 10 suka rasa rayukansu, wasu daga cikin tsararrakina sun ja bakinsu sun yi gum, suna fakewa da cewa halinmu ya isa wa'azi. Ban yarda da wannan ba. Mutumin kirki da bai taɓa faɗin dalilin kirkinsa ba, kansa ya jawo wa yabo, ba Almasihu ba. A Ayyukan Manzanni sura 6 an zaɓi mutum bakwai domin rabon abincin gwauraye, sai ga Istifanus da Filibus daga cikinsu sun zama masu shelar Maganar Allah. Bitrus kuma, a wasiƙarsa ta fari 3:15, ya ce mu kasance a shirye mu amsa wa duk wanda ya tambayi dalilin begenmu, amma da tawali'u da ladabi. Saboda haka ka yi magana, ka yi ta a fili, sai dai kada ka zagi abin da wani yake girmamawa, kada ka shiga musun bakin titi inda kowa yake neman a tafa masa. Kada kuma ka manta cewa a waɗancan kwanaki biyu akwai maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu, kuma sun yi haka ne ga mutanen da suka daɗe suna cuɗanya da su.

Ka kuma lissafa abin da zai biyo baya. Wanda ya zo maka da dare, kamar yadda Nikodimu ya je wurin Yesu, yana iya rasa matarsa da gonarsa da wurin kwanansa idan ya bayyana bangaskiyarsa. Kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka ko akwai ɗaki da tuwo da sana'a da ikkilisiyarku za ta iya tanadar masa, kuma kada ka sa sunansa ko hotonsa a Facebook don a ga kun yi aiki.

Game da wa'azin fili da lasifika, tun 2019 akwai dokar da ta tsara sha'anin ibada a ƙasar nan, don haka ku bar fastonku ya bi ta hukuma kafin ku tara jama'a. Ku koma wurin dattawan ku karɓi aikin da suka ba ku, amma ku roƙe su su haɗa kowane biyu daga cikinku da wani babba da ya saba, su kuma sa muku lokacin da za a zauna a duba batun fita ƙauye. Ku nemi shawarar Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, domin su ne suka san gidan da aka haihu da gidan da ba a ɗora tukunya ba. Idan aka yi hutu ka zo Tawa tare da abokinka ɗaya, zan haɗa ku da wani mai bishara da yake zagaya ƙauyukan da ke hanyar Keita, ku bi shi ku riƙe masa jaka.

Innarka tana gaishe ka. Ka gaishe mini da fastonku.

Ni ne baffanka.